Bayani: Su wa ke bin sawunka a intanet, kuma ina bayananka ke zuwa?

Duk lokacin da mutum ya buɗe wani shafi a intanet, ko ya shiga wata manhaja a wayarsa ta salula, ba mai shafin kaɗai ke sanin ya zo ba. Akwai wasu kamfanoni da ke laɓe a bayan shafin, suna rubuta abin da ya duba, da irin wayar da ke hannunsa, da yankin da yake, sannan su miƙa wa wasu.

Batun ya daɗe yana tayar da ƙura a Turai da Amurka. A Najeriya ma ya kai ga hukumomi sun ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, dala miliyan 220 a shekarar 2024.

To amma mene ne ruwan manomi a Kiru ko Bebeji da wannan magana, ko mai sayar da shinkafa a Tudun Wada, ko ɗalibi a Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa?

Amsar ita ce, a irin waɗannan garuruwa na kudancin jihar Kano bayanan mutum na fita ne ta ƙofa biyu. Ɗaya ba a ganinta, tana cikin waya. Ɗayar kuma ta hannun mutane ce, wato waɗanda ake ba su waya ko katin shaida domin su yi wa mutum rajista. Abin da ke haɗa ƙofofin biyu shi ne lambar waya.

Yadda ake bin sawun

Tsohuwar hanyar ita ce abin da ake kira kukis. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro su a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1994.

Kukis wani ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin waya ko kwamfutar wanda ya ziyarce shi. Aikinsu ya yi kama da na 'yar lambar da mai cajin waya a kasuwa ke manna wa waya, ya ba mai ita irinta. Idan ya dawo, da ita za a gane shi.

A asali ba cuta aka nufa da su ba. Su ne ke sa shafi ya tuna cewa mutum ya zaɓi harshen Hausa, ko ya riga ya shigar da lambarsa ta sirri, ba sai ya sake ba.

Matsalar ta taso ne daga kukis ɗin da ba na mai shafin ba. Galibin shafuka na ɗauke da tallace-tallace, da hotunan bidiyo, da maɓallan "so" ko "tura wa wani", waɗanda daga wasu kamfanoni dabam suke fitowa. Kowanne daga cikin kamfanonin nan na iya manna tasa lambar.

Da yake kamfani guda na iya samun kafa a dubban shafuka, zai ga lamba ɗaya ta bayyana a shafin labarai da safe, ta bayyana a shafin sayar da magani da rana, ta kuma bayyana a shafin wasan ƙwallo da dare. Daga nan sai ya fara tsara hoton mai lambar: shekarunsa, da abin da ke damunsa, da abin da yake sha'awar saya.

Kamfanin DoubleClick na cikin waɗanda suka fara gina kasuwanci a kan wannan dabara. A shekarar 2007 Google ya amince ya saye shi a kan dala biliyan 3.1. Facebook kuma ya ba sauran shafuka damar ɗora maɓallinsa na "so" a shekarar 2010, abin da ya ba shi ido a wuraren da ba nasa ba.

Akwai kuma hanyoyin da ba su buƙatar kukis. Ana iya gane waya ta hanyar haɗa ƙananan siffofinta, kamar girman fuskarta, da harshen da aka saita, da irin manhajar da ke tafiyar da ita. Kowace waya kuma na shiga intanet ne da wata lamba da ake kira IP, wadda ke nuna kamfanin sadarwa da kuma yankin da mutum yake, ko da yake a kan layukan salula ba kasafai take nuna ainihin gari ba.

Gwanjo cikin ƙiftawar ido

A ce wani manomin rani a yankin madatsar ruwa ta Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, ya shiga intanet yana neman farashin injin ban-ruwa. Bayan kwana biyu sai ya riƙa cin karo da tallan injina, da na takin zamani, da na masu ba da bashi.

Ba tsautsayi ba ne. A cikin ɗan lokacin da shafi ke buɗewa, wanda bai kai daƙiƙa guda ba, ana yin gwanjon gurbin tallan da zai gani. Ana aika wa kamfanoni masu yawa bayanin cewa ga wata waya iri kaza, a yanki kaza, mai ita ya nuna sha'awar abu kaza. Wanda ya fi taya farashi shi ne tallansa ke fitowa.

Abin lura shi ne, waɗanda ba su yi nasara a gwanjon ba su ma sun karɓi bayanin, kuma yana da wuya a tabbatar da abin da suka yi da shi daga baya.

Daga cikin wannan harka ne aka samu masu sana'ar dillancin bayanai. Su ba su da shafin da jama'a ke ziyarta. Aikinsu shi ne su sayi bayanai daga nan da can, su haɗa, su sayar. Bambancinsu da dillalin kasuwar Kwanar Dangora shi ne, shi wancan mai kaya ya san shi, ya kuma san la'adar da zai ɗauka.

Kamfanonin na kare kansu da cewa kuɗin talla ne ke sa jama'a na amfani da Facebook da YouTube da injin binciken Google ba tare da biyan ko sisi ba, kuma sau da yawa lamba suke gani ba suna ba. Kashi na farko na wannan magana gaskiya ne, don banza ba ta kai zomo kasuwa. Kashi na biyu ne ke da rauni, domin wayar da ke kwana a gida ɗaya kullum, ta kuma wuni a shago ɗaya, ba ta buƙatar suna kafin a gane mai ita.

Manhajar salla da sojojin Amurka

Ga mafi yawan jama'a a karkarar Kano, intanet na nufin wayar Android, ba kwamfuta ba. A waya kuwa manhajoji sun fi shafuka kwasar bayanai, domin suna iya neman izinin sanin inda mutum yake, da shiga jerin lambobin da ya ajiye, da hotunansa, da saƙonninsa.

Masu ƙera manhajoji da dama na sanya wasu 'yan ƙananan manhajoji na wasu kamfanoni a cikin nasu, a biya su kuɗi. Mai waya ba ya ganinsu.

Misalin da ya fi girgiza Musulmi shi ne na manhajar Muslim Pro, wadda ke nuna lokutan salla da alƙibla, wadda kuma aka sauke kusan sau miliyan 100 a faɗin duniya.

A watan Nuwamban 2020, wani binciken 'yan jarida na kafar Motherboard a Amurka ya gano cewa manhajar na aika bayanan wuraren da masu amfani da ita suke zuwa ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode. Shi kuma cikin masu sayen bayanansa har da kamfanonin da ke yi wa rundunar sojan Amurka kwangila.

Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa sojojin Amurka bayanan kowa, amma sun sanar da yanke hulɗa da X-Mode. Kafin ƙarshen shekarar, Apple da Google sun umarci masu manhajoji su cire kayan aikin kamfanin. A watan Janairun 2024 kuma hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta haramta masa sayar da bayanan da ke nuna zuwan mutane wurare irin su asibitoci da wuraren ibada.

Manhajar da ke nuna alƙibla na da dalilin neman sanin inda mutum yake. Wannan ne ma ya sa masu amfani da ita suka ba da izini ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Abin da ba su sani ba shi ne inda bayanin ke wucewa bayan nan.

Yadda lambar waya ta zama katin shaida

A farkon zuwan wayar salula Najeriya a shekarar 2001, mutum kan sayi layi ne kawai ya sa a waya, babu wanda ya tambayi sunansa.

Hakan ya sauya a shekarar 2011, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fara rajistar layuka tare da ɗaukar hoto da zanen yatsu. A shekarar 2015 hukumar ta ci tarar MTN sama da naira tiriliyan ɗaya saboda rashin rufe layuka fiye da miliyan 5 da ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, kafin daga baya a rage tarar zuwa naira biliyan 330.

Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da lambar BVN a watan Fabrairun 2014. Sai kuma a watan Disamban 2020, zamanin da Dakta Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. An yi ta ɗage wa'adin har zuwa watan Satumban 2024.

Babbar hujjar gwamnati ita ce tsaro, kuma ba hujja ce da za a raina ba a yankin da ke maƙwabtaka da dajin Falgore, inda aka sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu.

Sai dai sakamakon shi ne, a yau lamba guda mai alƙaluma 11 na ɗaure da sunan mutum, da hotonsa, da zanen yatsunsa, da asusunsa na banki. Ita ce kuma yake buɗe WhatsApp da Facebook da TikTok da ita. Duk wanda ya samu lambar, ya samu bakin zaren.

Manoma sun daɗe da shiga wannan tsari. Tun a shekarar 2012, lokacin da Dakta Akinwumi Adesina ke ministan gona, aka fara rajistar manoma domin a tura musu saƙon karɓar taki ta waya. Shirin bashin noma na Anchor Borrowers da Babban Banki ya ƙaddamar a shekarar 2015 ya buƙaci asusun banki da BVN. Ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023 kuma ya tura hatta waɗanda ba su taɓa taka banki ba zuwa buɗe asusu a manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint.

Ƙofa ta biyu: hannun mutane

A nan ne halin da ake ciki a garuruwa irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ya sha bamban da abin da ake tattaunawa a Turai.

Tsarin kamfanonin intanet ya ginu ne a kan zaton cewa waya ɗaya ta mutum ɗaya ce, shi ya buɗe asusunsa da kansa, shi kaɗai ya san lambarsa ta sirri, kuma yana karanta Turanci. A karkara sau da yawa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wanda ya sayi sabuwar waya kan miƙa ta ga mai shago ya buɗe masa adireshin Gmail da shafin Facebook. Mai shagon ne ke zaɓar lambar sirrin, wani lokaci ma da layinsa yake yin rajistar. Shi ne kuma ke latsa "na amince" a kan duk abin da ya fito, cikin sauri, saboda akwai wasu na jira.

Haka abin yake a wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi, da masu gyaran waya, inda akan bar waya a buɗe na sa'o'i. Ɗalibin da zai yi rajistar jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2021 ba a yinta sai da NIN, na barin kwafin takardunsa a kwamfutar shago. Dattijon da bai iya latsa na'urar POS ba kan faɗa wa mai na'urar lambarsa ta sirri a gaban jama'a.

Akasarin masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne, 'yan gari, da aka san iyayensu. Amanar da ke tsakani ce ma ke sa harkar tafiya. Amma kwamfutar shago na iya lalacewa a kai ta gyara birni, ana iya sayar da ita, yaron shago na iya barin aiki, kuma takardun na nan a ciki.

Akwai kuma matan aure da tsofaffi da ke amfani da layin da aka yi wa rajista da NIN ɗin miji ko ɗa ko ƙane. Idan aka aikata laifi da layi, wanda sunansa ke kan rajistar shi jami'an tsaro za su fara nema.

Wata hanyar kuma ita ce saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da sunan tallafin gwamnati ko na wata ƙungiya, ana cewa a latsa a cike suna da lambar waya da NIN da BVN. Ma'aikatu da hukumomin gwamnati sun sha fitowa suna nesanta kansu da irin waɗannan shafuka. Suna ƙaruwa ne a lokacin azumi, da gabanin damina, da lokacin zaɓe, wato sa'ad da jama'a ke sa ran samun wani abu.

Takardar NIN a kan naira 100

Ba daga ɓangaren talakawa kaɗai ake samun ɓaraka ba.

Bankuna da kamfanonin sadarwa da sauran masu hulɗa da jama'a na buƙatar tantance NIN, don haka hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ta ba wasu kamfanoni lasisin yin hakan. A shekarar 2024 aka gano cewa wasu shafukan da ba su da izini na sayar da bayanan mutane ga duk wanda ya biya.

A watan Yunin shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative mai fafutukar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta ce ana samun bayanan a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba. Domin ta tabbatar da zarginta, ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Dakta Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanai ta ƙasa, Dakta Vincent Olatunji.

Hukumar NIMC ta ce ba a kutsa cikin rumbun bayananta ba, ta kuma gargaɗi jama'a da su guji miƙa bayanansu ga shafukan da ba ta amince da su ba.

Bashin da ke tona asiri

Inda cutarwar ta fi fitowa fili shi ne harkar manhajojin ba da bashi.

Mutum zai sauke manhaja, ta ba shi 'yan dubban nairori cikin mintuna ba tare da jingina ba. Jinginar ita ce jerin lambobin da ke wayarsa, wanda ya ba da izinin a kwafa tun lokacin da yake sauke manhajar. Idan ya makara wajen biya, sai a aika wa surukansa da limamin unguwarsa da abokan cinikinsa saƙon cewa shi ɓarawo ne ko ɗan damfara.

A al'ummar da rufin asiri ke gaba da dukiya, wannan ba ƙaramin makami ba ne. Su kuma waɗanda aka aika wa saƙon ba su ci bashin kowa ba, ba kuma su ba kowa izinin riƙe lambarsu ba.

A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending, mai manhajar Sokoloan, naira miliyan 10 a kan irin wannan hali. Hukumar ta ce ta kuma gano cewa an dasa wasu na'urorin bin sawu a cikin manhajar da ke miƙa bayanai ga wasu kamfanoni ba tare da an sanar da masu amfani da ita ba.

Daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa ta Play Store shiga lambobi da hotunan mutane. Amma wannan bai shafi manhajar da aka tura wa mutum kai tsaye daga wata waya ba, kamar yadda aka saba yi domin tsimin data.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. Ba kuma baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya gina zaure domin baƙo ya tsaya a nan, kuma addininsa ya hana shi binciken asirin mutane.

Ƙa'idojin farko da suka shafi bayanan intanet kai tsaye NITDA ce ta fitar da su a watan Janairun 2019, 'yan watanni bayan dokar Tarayyar Turai ta GDPR ta fara aiki a watan Mayun 2018. Cikakkiyar doka kuwa sai a ranar 12 ga watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya mata hannu. Ita ce ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

A ƙarƙashin dokar, mutum na da haƙƙin ya tambayi kamfani irin bayanansa da yake riƙe da su, ya nemi a gyara ko a goge su, ya kuma janye amincewar da ya bayar. Yin shiru ba amincewa ba ne. Idan aka sace bayanai ta yadda za su iya cutar da masu su, wajibi ne kamfani ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Manyan kamfanoni na iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

An kuma fara gwada dokar a kan manya. A watan Agustan 2024 NDPC ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, inda ta zarge shi, cikin wasu abubuwa, da sarrafa bayanan mutane ta hanyar kukis da manhajarsa ba tare da cikakkiyar amincewa ba. Bankin ya musanta cewa ya karya doka.

Shari'ar da ta fi girma ita ce ta Meta. Ta samo asali ne daga sabbin sharuɗɗan da WhatsApp ya fitar a watan Janairun 2021, waɗanda suka shafi musayar bayanai da Facebook. Bayan binciken watanni 38, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta yanke a watan Yulin 2024 cewa kamfanin ya yi musayar bayanan 'yan Najeriya ba da izini ba, ya kuma hana su zaɓin da yake bai wa mutanen wasu ƙasashe.

Meta ya ce bai yarda da hukuncin ba, ya ɗaukaka ƙara, amma a watan Afrilun 2025 kotun sauraron ƙorafe-ƙorafen gasar kasuwanci ta tabbatar da tarar dala miliyan 220. Kamfanin ya taɓa nuna cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Wata tarar dabam ta dala miliyan 32.8 da NDPC ta ɗora masa a watan Fabrairun 2025, an sasanta ta a wajen kotu kafin ƙarshen shekarar.

Ya kamata a fayyace wani abu da ake yawan ruɗewa a kai. Tun shekarar 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, ta yadda kamfanin ba ya iya karanta su. Abin da yake gani shi ne lambar waya, da irin wayar, da lokutan da ake amfani da ita, da makamantansu. A kan irin waɗannan ne ake taƙaddama.

Raunin dokar a karkara a bayyane yake. Kusan komai nata ya rataya ne a kan amincewa, alhali sharuɗɗan da ake amincewa da su dogayen rubuce-rubuce ne cikin Turancin lauyoyi, waɗanda ko masu digiri ba sa karantawa. Da wuya a kira abin da yaron shago ya latsa a madadin wani da sunan amincewa. Hedkwatar hukumar kuma na Abuja, kuma hanyar kai ƙara mafi sauƙi ita ce ta intanet ɗin da ake kuka da ita.

Me mutum zai iya yi?

Babu wata dabara da za ta rufe ƙofofin baki ɗaya, amma ana iya rage ɓarnar.

Mafi muhimmanci shi ne lambobin sirri. Duk wanda wani ya buɗe masa asusu, ya kamata ya sauya lambar sirrin da zarar ya bar shagon, ya kuma tabbatar layinsa ne ke kan asusun. Lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga bankin yake kira.

A cikin saitin wayar Android akwai wurin da ke nuna izinin da aka ba kowace manhaja. Tocila ko wasan yara ba su da abin yi da jerin lambobi ko wurin da mutum yake, kuma ana iya janye izinin. A nan ne kuma ake iya goge lambar talla da ke manne da wayar.

Manhajojin shiga intanet ma sun bambanta. Firefox ya fara toshe kukis masu bin sawu a shekarar 2019, Safari na kamfanin Apple ya toshe na wasu kamfanoni gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alƙawarin yin haka a Chrome, wanda shi ne ke zuwa a cikin akasarin wayoyin Android, amma ya janye a watan Yulin 2024. Mai amfani da Chrome sai ya shiga saiti ya toshe su da kansa.

Shafin sirri na Chrome, wanda ake kira Incognito, na hana wanda ya ari wayar ganin inda aka shiga. Ba ya ɓoye mutum daga shafukan da ya ziyarta ko kamfanin sadarwa. A shekarar 2024 Google ya amince ya goge biliyoyin bayanai domin kawo ƙarshen wata ƙara da aka shigar a Amurka kan wannan batu.

Wanda saƙonnin talla suka dama zai iya tura kalmar STOP zuwa 2442, lambar da NCC ta ware tun shekarar 2016.

Sai kuma batun tsohon layi. Idan layi ya ɗauki watanni ba a yi amfani da shi ba, kamfanin sadarwa na da damar karɓe shi ya sayar wa wani. Idan ba a cire shi daga asusun banki da WhatsApp da Facebook ba, saƙonnin banki da lambobin shiga asusun za su riƙa zuwa ne wayar sabon mai layin. Masu tafiya ci-rani ko aikin gona mai nisa, da iyalan wanda ya rasu, su ne suka fi faɗawa wannan tarko, kuma gyaran na buƙatar a je banki a sauya lambar tun layin bai fita daga hannu ba.